Inshorar Lafiya Iri-Iri Ce: Wa Ke Zubi, Wa Ke Kwasa A Yola Da Jimeta

Kalmar inshora ba baƙuwa ba ce a garin Jimeta. Duk direban da ke lodi a tashar Jambutu ya san ta, domin tana cikin takardun nan da ake ninkewa a ajiye a aljihun mota saboda ranar da ɗan sanda zai tsai da mutum a bakin gadar Binuwai. Ba a taɓa jin mai mota ya yi murnar biyanta ba, in ji masu barkwanci, amma maganar gaskiya ita ce tun daga Janairun 2023 Naira 15,000 ake biya a shekara a kan ƙaramar motar gida, kuma galibin masu riƙe da takardar ba su taɓa sa ran za ta biya musu ko kwabo ba. A wurin mutane da yawa inshora haraji ce da aka sake wa suna.

Wannan tsohon zato shi ne inshorar lafiya ta tarar a bakin ƙofa. Ran 19 ga watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NHIA, kuma dokar ta wajabta wa kowane ɗan Nijeriya da duk baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida ya shiga wani tsari na inshorar lafiya. A takarda ke nan. A zahiri kuwa, ya zuwa 2025 waɗanda ke da rajista ba su wuce kimanin mutum miliyan 20 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, watau ko ɗaya cikin goma ba a cika ba. Har wa yau fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa yake fita, a ranar da ciwo ya kama, lokacin da ba a da sukunin ciniki. A nan ne ake sai da tunkiyar layya da rani, ko a jinginar da gona a Namtari ko Ngurore, ko a bi 'yan'uwa gida-gida da takardar likita a hannu.

Abin da ke daɗa rikita jama'a shi ne katin inshorar lafiya ba iri ɗaya ba ne. Mutum biyu na iya zama a benci ɗaya a Asibitin Ƙwararru na Jimeta, kowanne da kati a hannu, a yi wa ɗaya aiki kyauta a ce wa ɗaya ya je ya kawo kuɗi, alhali ba wanda aka zalunta. Tambayar da ke raba katunan guda ɗaya ce: wa ya zuba kuɗin da ke bayan katin? Gwamnati ce a matsayin mai ɗaukar aiki, ko mutum ne da kansa, ko baitulmali ne a madadin marar ƙarfi, ko kuwa kamfani? Amsar wannan ita ke nuna asibitin da katin zai ci, da mutum nawa zai ɗauka, da cutar da zai tsaya a bakinta.

BA ADASHI BA CE

Masu wayar da kan jama'a sukan kwatanta inshorar lafiya da adashi, amma kwatancin bai cika ba, kuma rashin cikarsa yana haddasa rigima daga baya. A adashi duk wanda ya zuba zai kwasa, kuma abin da ya zuba shi zai kwasa, sai ɗan abin da uwar adashi ta cire na wahalarta. A inshora kuwa mutum dubu za su zuba, amma mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kayar a wannan shekara. Wanda shekara ta zagayo bai yi ko ciwon kai ba, kuɗinsa ba ya dawowa. Ya tafi ga tiyatar matar wani da bai taɓa gani ba. Al'amarin ya fi kama da gayya, inda kowa ke fitowa da fartanyarsa ba tare da ya auna yawan kunyar da aka nome masa bara ba.

Rashin dawowar kuɗin nan ne ya sa malamai suka daɗe suna duban inshora da ido ɗaya. A 1985 Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda ta yanke hukunci cewa inshorar kasuwanci, wadda kamfani ke sayarwa domin riba, ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, amma ta taimakekeniya, wadda jama'a ke zubawa da niyyar gudummawa ga juna, ta halatta. Ba banza ba ne jihohin Kano, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Adamawa duk suka kauce wa kalmar inshora a sunayen hukumominsu, suka ɗauki ta taimakekeniya.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A Jamus aka fara ta da doka a 1883, zamanin Bismarck, domin ma'aikatan masana'antu. Ingila ta bi wata hanya dabam a 1948, ta ɗora kuɗin jinyar kowa a kan haraji. A Nijeriya tun 1962 Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Moses Majekodunmi, ya kai shawarar gaban majalisa a Ikko, ba ta samu shiga ba. Aka yi ta kafa kwamitoci har zuwa 1999, sa'ad da gwamnatin soja ta fitar da doka mai lamba 35, sa'an nan aka sake jira har ran 6 ga watan Yuni na 2005 kafin Shugaba Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin da aka sani da NHIS. Shekara 43 ke nan tsakanin shawara da aiki. Ghana kuwa ta yi tata dokar a 2003.

KATIN MAI ALBASHI

Iri na farko, kuma mafi daɗewa, shi ne na ma'aikaci mai albashi. Yola gari ne na ma'aikata tun zamanin lardi, ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta Adamawa a 1991, saboda haka wannan kati ya fi yawa a unguwanni irin su Karewa. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne suka fara samunsa: 'yan sanda, kwastan, malaman Jami'ar Modibbo Adama da na Kwalejin Ilmi ta Tarayya, da ma'aikatan asibitin tarayya su kansu. A ƙa'idar da aka fara da ita, mai ɗaukar aiki zai zuba kashi 10 cikin 100 na gundarin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, ko da yake shekaru da yawa ƙungiyoyin ƙwadago sun ƙi yarda a taɓa albashin ma'aikatan tarayya, gwamnati kaɗai ke zuba nata kason.

Ma'aikaci shi zai zaɓi asibiti ɗaya wanda zai zama ƙofarsa ta farko. Can zai je in zazzaɓi ya kama shi, can matarsa za ta yi awo ta haihu, can za a duba hawan jini da sukari. Ganin likita da gwaje-gwajen da ke cikin tsari ba a biya, amma a kan magani yakan biya kashi 10 cikin 100. In maganin na Naira 5,000 ne, nasa Naira 500.

Yadda ake biyan wannan asibiti abu ne da ya kamata mai kati ya sani, domin shi ke bayyana irin tarbar da akan yi masa. Ba a biyan asibitin bisa yawan marasa lafiyar da ya duba. Kuɗin kai ake ba shi kowane wata a kan duk wanda ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. A 2005 kuɗin Naira 550 ne, a 2012 aka mai da shi Naira 750, daga nan kuma ya tsaya cik har shekara goma sha biyu, alhali farashin magani yana ta hawa kamar farashin komai. Sai a 2024 aka ɗaga shi, a watan Afrilu na 2025 kuma ya kai Naira 1,450. Asibitin da ke da mutum dubu a littafinsa zai karɓi Naira 1,450,000 a wata ke nan. In mutum ɗari suka zo ya ci riba, in damina ta kawo sauro mutum ɗari biyar suka zo ya shiga uku. Hikimar tsarin ita ce asibiti ya damu da kada mutanensa su yi ciwo. Illarsa kuwa, a shekarun da kuɗin ya tsaya, ita ce jawabin nan da masu kati a duk faɗin ƙasar suka haddace, watau a ce maganin ya ƙare, a rubuta wa mutum takarda ya tsallaka titi ya saya a kemis da kuɗinsa.

In ciwon ya fi ƙarfin ƙofar farko, sai a tura majiyyaci gaba, misali zuwa Asibitin Ƙwararru da ke Jimeta, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke cikin Yola, wanda kafin 2022 Cibiyar Lafiya ta Tarayya ce. A wannan mataki ana biyan asibiti ne bisa aikin da ya yi, kuma sai an sami lambar izini daga dillalin da ke tsakani, watau kamfanonin da ake kira HMO. Jiran wannan lamba ya sha kwantar da majiyyata a baranda, har ya sa a 2025 Hukumar NHIA ta ba da umarni cewa kada ba da ita ya wuce awa ɗaya. Rikici tsakanin hukuma da dillalan nan ba sabo ba ne. Shi ne ya cika zamanin Farfesa Usman Yusuf a shugabancin NHIS daga 2016 zuwa 2019.

To, amma babban gibin katin mai albashi yana wajen lissafin iyali. Katin yana ɗaukar ma'aikaci, da mata ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Mutum shida ke nan. Wanda ya tsara wannan lissafi bai kwana a Wuro Hausa ko Luggere ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a yankin Arewa maso Gabas mace takan haifi 'ya'ya shida a tsawon rayuwarta, kuma a ƙasar baki ɗaya kashi 31 cikin 100 na matan aure suna da kishiya. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga tsohuwa a ɗaki, ga ɗan ƙane da ake riƙo, sai a miƙa masa fom mai gurbi biyar a ce ya cika. Sunan uwargida zai rubuta ko na amarya mai ciki? Cikin yaran, na wane ɗaki zai bari? Akwai hanyar ƙara mutane, amma kowane kai sai an biya masa kuɗi dabam, kuma ba kowane albashi ke ɗauka ba. Abin da kan faru ba ɓoyayye ba ne: a kai yaron da ba shi cikin kati da sunan wansa da ke ciki, likita ya rubuta ciwon wani a fayil ɗin wani, ranar da aka zo neman tarihin ciwo ko rukunin jini a sami ruɗani. Daɗin daɗawa, katin yana tafiya ne da albashi. Ranar da aka yi ritaya zubi ya tsaya, galibi katin ma ya mutu, daidai lokacin da gwiwa da ido da hawan jini suka fara neman haƙƙinsu.

Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne suka fi yawa, ba su cikin wannan asusu na tarayya. Nasu yana hannun Hukumar Taimakekeniyar Lafiya ta Jihar Adamawa, wadda ake taƙaita sunanta da ASCHMA. Gininsa iri ɗaya ne, a cire wani kaso daga albashi, a zaɓi asibiti, a ba da kati, amma asusun dabam ne, jerin asibitoci da na magunguna ma na jiha ne. Dokar 2022 ta ɗora nauyin rajistar yawancin jama'a a kan irin waɗannan hukumomi na jihohi, Hukumar NHIA kuma ta zama mai sa ido a kan kowa.

WANDA BA SHI DA RANAR ALBASHI

Sai dai Jimeta ba ma'aikata suka gina ta ba. Tashar jiragen ruwa ce tun zamanin Kamfanin Neja, garin fatake da 'yan koli da masunta da masu sana'ar hannu, kuma har yanzu wanda ya shiga babbar kasuwarta, ko ya bi ta Doubeli da Nasarawo da Rumde, zai ga cewa mai keke napep da tela da mahauci da mai sayar da hatsi sun ninka masu zuwa ofis sau da yawa. Waɗannan ba su da akanta da zai cire musu kaso kafin kuɗi ya shigo hannu. Nasu iri na biyu ne, wanda mutum ke ɗaukar kuɗi da hannunsa ya kai, sau ɗaya a shekara.

Hanya biyu ce a buɗe. Akwai shirin masu zaman kansu na hukumar jiha, akwai kuma na tarayya mai suna GIFSHIP, wanda aka fito da shi a ƙarshen 2020 domin ɗaiɗaikun mutane da iyali da ƙungiyoyi. Da aka fara shi Naira 15,000 ne kowane kai a shekara ga ƙungiyar da ta kai mutum goma, amma an ɗaga kuɗin tun daga lokacin. Ta wannan hanya ce attajiri ko ɗan siyasa ko ƙungiyar 'yan gari ke iya biya wa mutane ɗari ko dubu a lokaci guda, kuma mai neman inda zai sa sadakarsa ta yi aiki shekara guda cur zai yi wuya ya sami wurin da ya fi wannan.

A nan ne inshorar lafiya ta fi rauni, a nan ne kuma yawancin mutanen Yola da Jimeta suka faɗa. Dalili na farko lissafi ne. Kuɗin kai ɗaya ba shi da yawa, amma a ninka shi sau goma sha biyu a gida guda, a ce kuma a biya a dunƙule, sai ya zama jarin wani. Dalili na biyu halin ɗan Adam ne. Mai lafiya ba ya zuwa. Wanda ke zuwa shi ne wanda likita ya riga ya ce masa sai an yi aiki, ko mai ciki wata bakwai. Asusun da masu ciwo kaɗai ke zuba wa kuwa ba ya kai shekara. Saboda haka ne ake sa wa sabon shiga wa'adin jira kafin katinsa ya fara ci, wanda a tsohuwar ƙa'ida kwana 90 ne, saboda haka ne kuma hukumomi suka fi son ƙungiya a kan mutum ɗaya, domin a ƙungiyar masu keke mutum ɗari lalle masu lafiya sun fi yawa. Dalili na uku shi ne amana. Wanda ya biya bara bai je asibiti ba, ko ya je aka ce ba magani, ba ya sabunta kati bana, kuma sai ya hana maƙwabcinsa.

An gwada maganin wannan a wurare. A Shonga ta Jihar Kwara, tun 2007, manoma sun riƙa biyan ɗan kaɗan, gwamnatin jiha da wata gidauniya ta ƙasar Holan suna cika sauran, jama'a kuwa suka shiga da yawa. Da tallafin ya yi rauni shirin ma ya yi rauni. Ruwanda ta kai yawancin mutanenta cikin asusun taimakekeniya na ƙauyuka da ta fara gwadawa a 1999, amma da tilas da kuma kuɗin gwamnati a baya. Kusa da gida, a sama da kogin Binuwai, mutanen Garwa sun san takardar lafiya ta masu ciki da Kamaru ta fara a lardunanta uku na arewa a 2015: mace ta biya sefa jaka shida, a yi mata awo da haihuwa, har tiyata in ta kama, a kuma kula da ita da jaririnta kwana 42 bayan haihuwa. Duk inda aka ga talaka ya shiga da yawa, in an duba za a tarar wani ne ya ɗauke masa mafi nauyin kayan.

KATIN MARAR ƘARFI

Iri na uku shi ne wanda mai kati ba ya zuba ko anini. Tushensa Dokar Lafiya ta Ƙasa ce, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Oktoba na 2014. Dokar ta kafa Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, ta ce a riƙa ware masa abin da bai gaza kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ba, rabi ya tafi ga biya wa marasa ƙarfi inshora, kashi 45 ga ƙananan asibitoci domin magani da gyara da ma'aikata, kashi 5 ga agajin gaggawa. Ba a sa masa kuɗi a kasafi ba sai a 2018, sa'ad da aka ware Naira biliyan 55. Dokar 2022 ta lasafta waɗanda ake nufi: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu ciki, tsofaffi, naƙasassu, da matalauta.

Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti ɗaya da kuɗin ke shiga asusunsa kai tsaye. Adamawa tana da mazaɓu 226 a ƙananan hukumomi 21. Goma sha ɗaya a Yola ta Arewa, goma sha ɗaya a Yola ta Kudu. Jihar ba baƙuwar wannan dabara ba ce, domin a Fufore, maƙwabciyar Yola, aka fara gwajin biyan ƙananan asibitoci bisa aikin da suka yi a ƙarshen 2011, da tallafin Bankin Duniya, tare da Wamba ta Nasarawa da wata ƙaramar hukuma a Ondo. Hukumar ASCHMA ce ke rajistar waɗanda za a biya wa.

Matsalar wannan kati ita ce gurbi. Kuɗin da ke zuwa yana isar wani adadi ne kawai a kowace mazaɓa, mabukata kuwa sun ninka adadin. Yola ta san wannan fiye da yawancin garuruwa, domin tun da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a watan Oktoba na 2014 dubban mutane suka kwararo, wasu a sansanonin Malkohi da Damare, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa, kuma ba duka suka koma ba. Inda gurbi ya yi kaɗan, wanda ke rubuta sunaye ya zama sarki, kuma aikin masu unguwanni da kwamitocin raya mazaɓu ne su tabbatar bazawara mai marayu ta riga ɗan'uwan kansila shiga littafi. Ban da wannan, a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaro shirye-shirye biyu ta hannun NHIA, ɗaya na yi wa masu yoyon fitsari aiki kyauta, ɗaya kuma, wanda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a watan Nuwamba, na tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa.

Iri na huɗu ba ya bukatar dogon bayani, domin masu shi sun san shi. Shi ne wanda bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji ke saya wa ma'aikatansu daga kamfanoni irin su Hygeia, Avon ko AXA Mansard. Hawa-hawa ne, iya kuɗinka iya shagalinka, kuma kowane hawa yana da iyakar abin da za a kashe wa mutum a shekara. Wanda ke Yola ya kamata ya duba ko asibitocin da ke jerin kamfanin akwai su a garin, kada ya sayi katin da sai a Abuja yake ci. Ga masu ƙyamar inshorar riba akwai takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, a Nijeriya kuma aka ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Ɗaliban manyan makarantu su ma suna da nasu ƙaramin shiri, mai suna TISHIP, wanda ake haɗa kuɗinsa da na rajista, kuma da yawansu sukan gama karatu ba su san sun biya ba.

INDA KATI KE TSAYAWA

Ba katin da ke ɗaukar kowace cuta. A ƙa'idojin NHIS na 2012, waɗanda yawancin jihohi suka kwaikwaya, kwanciya a gadon asibiti kwana 21 ne a shekara, haihuwa huɗu ake biya, jariri kuma yana cin katin uwarsa mako 12 ne kawai, bayan haka sai an yi masa tasa rajista. Manyan hotunan ciki da na ƙwaƙwalwa rabi ake biya. Wankin ƙoda sau shida ne, ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, ba ga mai ciwon da ya zauna ba. An sabunta ƙa'idojin a watan Oktoba na 2023, kowace jiha kuma tana da nata jerin, saboda haka mai shiga ya nemi a karanta masa jerin abin da aka ɗauka da wanda aka bari kafin ya miƙa kuɗi, ya kuma tambayi ranar da katin zai fara ci da ranar da zai mutu.

Akwai kuma abubuwan da tun asali aka fitar da su. Fita waje neman magani ba ya ciki, haka tiyatar kwalliya da dashen ciki. Raunin da ma'aikaci ya ji a bakin aiki yana ƙarƙashin wata doka ce dabam ta 2010, wadda ta sa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi ɗaya cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun diyya na NSITF. Annoba da bala'o'i irin su ambaliya su ma tsohuwar ƙa'ida ta fitar da su, abin da ya shafi mutanen bakin Binuwai kai tsaye. A 2012 da 2022, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo kogi ya shiga gidaje, jinyar amai da gudawa da kan biyo bayan irin wannan ruwa ba a kan kati take ba. Nauyinta yana kan Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumomin agajin gaggawa, kuma a sansanonin jinyar da akan buɗe ba a tambayar kowa kati.